Samuel Ajayi Crowther: bawan da ya zama bishop a bakin kogin Kwara

Ranar 31 ga watan Disamba ta kowace shekara, lokacin da jama'a ke shirin tarbon sabuwar shekara, mabiya ɗarikar Anglika a Najeriya sukan tuna da wani dattijo da ya rasu a birnin Ikko a irin wannan rana ta shekarar 1891. Sunansa Samuel Ajayi Crowther. Ya shekara 48 yana limancin coci, 27 daga cikinsu yana riƙe da muƙamin bishop, wato babban limamin da ke shugabantar majami'un wani yanki. Shi ne ɗan Afirka na farko da wannan ɗarika ta ɗora bisa wannan kujera.

Littattafan tarihi na Turanci da na Faransanci sukan haɗa sunansa da kalmar Niger, abin da ke sa wasu masu karatu a Yamai ko Maraɗi su zaci a ƙasar Nijar ya yi aiki. Kogi ake nufi, wato kogin Isa da ya ratsa Tilaberi da Yamai da Gaya, wanda Hausawa ke kira Kwara. Crowther ya yi aikinsa a ƙasan kogin, daga bakin teku zuwa ƙasar Nufe, kuma bai taɓa sa ƙafa a ƙasar da ake kira Nijar yau ba. Duk da haka labarinsa ya biyo ta kan harshen Hausa, ya haɗu da na wani yaro ɗan Damagaram, ya kuma taɓo tambayar da har gobe ake yi a garuruwan kudancin Nijar: yaya Kirista mai riƙo da addininsa zai zauna da maƙwabtansa musulmi ba tare da ya ɓoye imaninsa ba, kuma ba tare da ya ci mutuncin nasu ba?

Daga Osogun zuwa jirgin bayi

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun na ƙasar Yarbawa, a yankin da ke cikin jihar Oyo ta Najeriya yanzu. A lokacin daular Oyo tana rugujewa, yaƙin basasa ya bazu ko'ina, kamun bayi ya zama sana'ar mayaƙa. A farkon shekarar 1821 aka kai wa garinsu hari da safe. Cikin wata wasiƙa da ya rubuta daga baya yana ba da labarin kansa, ya ce maharan sun haɗa da Yarbawan Oyo musulmi da Fulani. An ƙone garin, aka tasa shi gaba tare da uwarsa da ƙannensa mata, da igiya a wuya. Bai sake ganin ubansa ba.

Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar. An taɓa musayar sa da doki, daga baya aka fasa cinikin. Ya bi ta hannun iyayengiji da dama, ana sayar da shi da taba da barasa da sauran tarkace, har ya faɗa hannun ƴan kasuwar Fotugal a Ikko. Ya ce a wannan tsakani ya yi yunƙurin kashe kansa saboda tsoron abin da ke jiransa a hannun Turawa. A watan Afrilu na 1822 aka loda shi tare da wasu bayi sama da 180 cikin wani jirgin ruwa mai suna Esperança Feliz, da niyyar a tsallaka da su teku.

Ingila ta riga ta haramta fataucin bayi tun 1807, ta kuma zuba jiragen yaƙi suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Jirgin bai yi nisa ba suka tare shi, aka sauke mutanen a Freetown ta ƙasar Saliyo cikin watan Yuni. Ke nan tun yana ɗan shekara 13 ya ga yadda lamarin yake: cikin waɗanda suka kama shi akwai musulmi, waɗanda suka saye shi Kirista ne, waɗanda suka ƙwato shi su ma Kirista ne.

Karatu da baftisma a Saliyo

Freetown ta wancan zamani matattara ce ta dubban ƴantattun bayi masu harsuna iri-iri, har da Hausawa da Barebari da Nufawa. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ita ke riƙe da makarantu. Cikin wata shida Ajayi ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limamin coci na Landan da ke cikin manyan CMS. A 1826 aka kai shi Ingila ya yi ɗan karatu, a 1827 kuma ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta a makarantar Fourah Bay, wadda daga baya ta zama jami'a, kuma ta horar da malamai da limamai masu yawa na Afirka ta Yamma.

Ya auri wata ƴantacciyar baiwa mai suna Asano, wato Hasana, wadda aka raɗa wa Susan bayan baftisma. Sun zauna tare kusan shekara 50, har rasuwarta a 1880. Ɗansu Dandeson ya bi sawun ubansa a aikin coci. Jikansu Herbert Macaulay yana cikin waɗanda suka fara fafutukar neman ƴancin Najeriya.

Ginshiƙin imaninsa ya samo asali daga abin da ya same shi. Ya bayyana ranar da aka kama shi a matsayin ranar baƙin ciki wadda kuma ta zame masa albarka, don a ganinsa ta wannan hanya ce Allah ya kai shi inda ya san Yesu Almasihu. Mai karatun Littafi Mai Tsarki da mai karatun Alƙur'ani duka za su tuna da ƙissar Annabi Yusufu, wanda aka sayar da araha ya zama sanadin tsirar danginsa. Crowther ya ɗauka cewa tun da an cece shi, wajibi ne ya koma wa mutanen da aka fizge shi daga cikinsu.

Tafiyar 1841 da harshen Hausa

A 1841 gwamnatin Ingila ta aika jiragen ruwa uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniya da sarakuna su daina sayar da mutane, a kawo noman auduga da cinikin halal a madadin na bayi. CMS ta sa mutum biyu cikin ayarin, Crowther da wani limami Bajamushe mai suna James Frederick Schön, wanda ya fara koyon Hausa daga bakin Hausawan Saliyo.

Tafiyar ta ƙare da asara. Masassarar cizon sauro ta kama kusan duk Turawan, sama da 40 suka mutu, gonar gwaji da aka buɗe a Lakwaja ta watse. Schön ya dawo da shawarar da ta sauya tarihin mishan: in ana son aiki ya ɗore a cikin ƙasa, sai ƴan Afirka da kansu sun ɗauke shi, cikin harsunansu. Aka kira Crowther Landan, a 1843 aka naɗa shi limami. A wannan shekara ce ya buga littafinsa na farko na kalmomin Yarabanci, Schön kuma ya buga nasa na kalmomin Hausa.

A nan Damagaram ta shigo labarin. Wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa an kai shi Kukawa ta Barno. Baturen nan Adolf Overweg ya ƴanta shi, bayan mutuwar Overweg ya bi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya yi yawo da shi har Tumbutu. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila tare da wani yaro mai suna Abbega. Dorugu ya zauna gidan Schön, kuma daga bakinsa aka ɗauki kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa waɗanda suka shiga littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Saboda haka wani babban kaso na Hausar da ƴan mishan na kogi suka fara karantawa Hausar ƙasar Damagaram ce. Dorugu ya koma ƙasar Hausa, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Haɗuwa da uwa, ganawa da sarauniya

A 1846 Crowther ya shiga Abekuta tare da Baturen mishan Henry Townsend. Ƴan makonni da isarsa aka kawo masa wata tsohuwa, ashe uwarsa ce Afala, bayan rabuwar shekara 25. Ita ma ta sha bauta kafin a fanshe ta. A 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu, tana cikin Kirista na farko a garin.

A 1851 aka kai shi fadar Windsor ya gana da Sarauniya Victoria da mijinta, ya karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. A wannan ziyara ya yi wa manyan gwamnati bayanin yadda Sarki Kosoko na Ikko ke ci gaba da cinikin bayi. Cikin Disamba na shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, aka tuɓe Kosoko, bayan shekara goma kuma Ingila ta mallake garin gaba ɗaya. Masu sukar Crowther sukan tsaya a wannan gaɓa, suna cewa ya taimaka wajen buɗe wa mulkin mallaka ƙofa. Masu kare shi sukan amsa cewa mutumin da aka loda a jirgin bayi daga wannan gaɓar teku ba zai ga an ci gaba da lodi ya yi shiru ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma ƙarshen rayuwarsa ya nuna cewa ƙofar da aka buɗe ba ta bar shi shi ma ba.

Aikin kogi da naɗin bishop

A 1854 ya sake hawa kogi cikin jirgin Pleiad ƙarƙashin likita William Baikie. Wannan karo an riƙa shan kinin kullum, ba Bature ko ɗaya da ya mutu. Cikin abin da aka aike su har da neman labarin Barth, wanda a daidai lokacin yana kan hanyar dawowa daga Tumbutu ta Say da Sakkwato, shi ya sa ba su gamu ba. A 1857 aka kafa mishan na kogi, da tasha a Onitsha, wadda Hausawa ke kira Anaca, da wata kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. Crowther ya so ya kai har Sakkwato, amma jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jaba ya lalace. Ya yi amfani da watannin jiran ceto wajen nazarin Nufanci da sanin sarakunan yankin.

Abin da ya bambanta wannan mishan da sauran shi ne ma'aikatansa duka baƙaƙe ne, mafi yawansu ƴantattun bayi ko ƴaƴansu daga Saliyo. Sakataren CMS a Landan, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa cocin da aka dasa a wata ƙasa dole ta kai ga ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta, sannan Bature ya tattara ya tafi. Shi ya matsa har aka naɗa Crowther bishop ranar 29 ga Yuni 1864 a babbar majami'ar Canterbury, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Townsend da wasu Turawan mishan sun ƙi yarda su zauna ƙarƙashin baƙin mutum, don haka aka tsara yankinsa yadda ba zai haɗa da su ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1862 gobara ta cinye gidansa na Ikko tare da takardun nazarin harsuna da ya shekara yana tarawa. A 1867 wani basarake a yankin Idah ya tsare shi da ɗansa yana neman kuɗin fansa, wani jami'in Ingila da ya je ceto ya rasa ransa da kibiya. Duk da haka ya wallafa littafin koyon karatu na Ibo a 1857, na Nufanci a 1860, da nahawun Nufanci a 1864. Ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, wadda aka kammala a 1884, kusan shekara 50 kafin cikakkiyar fassarar Hausa ta 1932. A cikinta bai ƙyamaci kalmomin da musulmi suka saba da su ba. An kira limami alufa, kalma mai kama da alfa da Zabarmawa ke kiran malami, an kuma kira addu'a adura. Yakan gargaɗi ma'aikatansa su yi wa'azi da karin magana da tatsuniyoyin mutanen gari, kada su ɗauka zama Kirista shi ne zama Bature.

Zamansa da musulmi

Crowther bai fara da sanyin hali ba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa lokacin yana matashin malamin makaranta a Saliyo, wani yaro musulmi ya zo da laya a wuya, ya yanke ta ya ce ba a shiga aji da irin wannan. Uban yaron ya zo a fusace. Crowther ya nemi a tara malamai a yi muhawara, ya shirya hujjoji daga Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani. Da aka haɗu, malaman suka tsaya a kan cewa Allah ba shi da ɗa, kuma Annabi Muhammadu (SAW) manzonsa ne. Aka tashi baram-baram, ba wanda ya gamsar da wani. Daga nan ya gane cewa gardamar ka-da-ni-in-ka-da-ka ba ta jawo kowa, sai dai ta ƙara nisa.

Tun daga lokacin ya sauya salo. Yakan fara daga abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, kamar haihuwar Annabi Isa ɗan Maryamu ba tare da uba ba, da saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo mata. In an yi masa tambaya, yakan buɗe littafinsa ya karanta abin da ke ciki, ya bar mai sauraro ya auna. Yakan kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Ya ƙulla zumunci da Sarkin Nufe Masaba a Bida, kuma ba ya buɗe tasha a ƙasar sarki sai da izininsa.

A ƙarshen 1871 jirgin da zai mayar da shi teku ya kafe, ya biyo ta ƙasa daga Lakwaja zuwa Bida, ya nufi Ikko ta Ilori. A fadar Ilori aka tara malamai suka yi masa tambayoyi kan matsayin Isa da dawowarsa da ranar hisabi. Bai sassauta abin da ya yi imani da shi ba, ya karanta musu ayoyin Linjila yadda suke. Da aka nemi ya yi wa sarki addu'a, sai ya ɗauko addu'ar da ake yi wa sarauniyar Ingila a littafin addu'o'in cocinsu, ya nuna cewa a ƙasar sarki sunan sarki ake sawa a wurin nata. Fadar ta karɓi addu'ar, aka rabu da mutunci.

Wata shaidar amincin da ya samu ita ce wasiƙar da Sarkin Nufe Maliki ya aika a tsakiyar shekarun 1880, a kai wa Crowther. A ciki sarkin ya kira shi uba, ya koka cewa barasar da jiragen Turawa ke kawowa tana lalata ƙasarsa, ya roƙe shi ya isar da kukan ga sarauniya a hana shigo da ita. Sarki musulmi ya ga limamin Kirista ne ya fi cancanta ya ɗauki wannan saƙo. Gaskiyar magana kuma, musulmin da suka shiga Kiristanci ta hannunsa ƙalilan ne ƙwarai. Inda cocinsa ta yi ƙarfi shi ne Anaca da garuruwan bakin teku irin su Bonny da Brass, kuma mafi yawan masu shiga da farko bayi ne da talakawa.

Yadda aka ƙasƙantar da shi

Venn ya rasu a 1873, iska ta juya. Kamfanin George Goldie ya haɗiye cinikin kogi daga 1879, ya samu takardar mulki daga Ingila a 1886, ya riƙa ture ƴan kasuwa baƙaƙe na Saliyo da Ikko. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya share fagen rabon Afirka. Ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi a Turai, ya shiga har cikin ƙungiyoyin mishan.

Mishan na kogi shi ma yana da rauninsa. Tashoshi sun yi nisa da juna, bishop yana zaune a Ikko, sai lokacin da ruwa ya kawo yake samun jirgin kewaya su. An samu ma'aikata da suka tsunduma cikin kasuwanci ko shaye-shaye. Mafi muni, a Anaca wata yarinya ta mutu sakamakon dukan da wasu masu alaƙa da mishan suka yi mata, aka yi shari'arsu a Saliyo. Crowther mutum ne mai jinkirin hukunci, mai son a ba mai laifi damar tuba, kuma ba ya korar ma'aikaci bisa jita-jita. Masu neman kujerarsa suka fassara wannan da gazawa. Tun daga ƙarshen shekarun 1870 aka fara zare masa iko, aka danƙa kuɗi da jirgin mishan a hannun Bature.

A 1890 wasu matasan Turawa suka iso ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Burinsu su shiga ƙasar Hausa, har suna sa riga da rawani a Lakwaja. Sun ɗauki Kiristocin kogi a matsayin masu addinin baka, suka shiga kora da dakatarwa. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na 1890, sakataren mishan, Bature, ya dakatar da limamai a gaban bishop ɗin da ya naɗa su, har da ɗansa Dandeson. Tsohon, mai shekara sama da 80, ya ajiye shugabancin kwamitin. Mafi yawan ma'aikatansa baƙaƙe an sallame su ko an sauya musu wuri. A 1891 shanyewar jiki ta kama shi, ya cika a ranar ƙarshe ta shekarar.

Waɗanda suka ture shi ba su kai ko'ina ba. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba su shiga ƙasar Hausa ba. Ayarin da Bishop Herbert Tugwell ya jagoranta ya isa Kano a 1900, ba tare da neman izini yadda ya kamata ba, Sarki Alu ya umurce su su fita. Majami'un bakin teku kuwa suka ja gefe a 1892 ƙarƙashin Dandeson, suna ɗaukar nauyin kansu. An maye gurbin Crowther da Bature, kuma sai bayan kusan shekara 60 aka sake ba ɗan ƙasa cikakken shugabancin wani yankin cocin Anglika a Najeriya.

Abin da ya bari

An binne shi a maƙabartar Ajele ta Ikko, a 1976 aka mayar da ƙasusuwansa harabar babbar majami'ar Christ Church da ke bakin ruwa. Akwai jami'a mai sunansa a garin Oyo. A watan Yuni na 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, shugaban cocin Anglika na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a Canterbury ya bayyana nadama da kunya bisa yadda cocin ta yi masa.

Kiristanci ya iso Nijar ta wata hanya dabam, bayan rasuwarsa da shekaru. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ƴan Katolika sun kafu a Yamai a 1931. Amma tambayar da Venn da Crowther suka tayar, ta yaushe ɗan ƙasa zai riƙe ragama, ta biyo cocin har nan. Sai a 2013 aka naɗa ɗan Nijar na farko bishop na Katolika, Laurent Lompo, wanda ya karɓi shugabancin yankin Yamai daga hannun Michel Cartatéguy bayan haka.

Tambaya ta biyu, ta zama da maƙwabci, ta fi wannan nauyi. Mutanen Damagaram da Yamai ba su manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da dama, mutum 10 suka rasa rayukansu. Ba su manta kuma da musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu ba. Crowther ya rayu a zamanin da ya fi wannan tsanani, yana bin garuruwan da sarki ke da ikon kora ko kisa. Abin da ya yi aiki da shi bai wuce abin da kowane limami ko fasto ke iyawa ba: ya koyi harshen mutane, ya nemi izini kafin ya shiga, ya faɗi abin da ya gaskata in an tambaye shi, ya yi wa sarkin da ba addininsu ɗaya ba addu'a. Laya ɗaya da ya yanke yana matashi ta ishe shi darasi har tsufansa.